Dakon Hasbiya a Gonar Kanola

Ranar farko ko bindiga ba mu taɓa ba. Tun hantsi muke zaune cikin wata tsohuwar Land Rover mai warin kare da jiƙaƙƙen buhu, an faka ta a bakin gona, tsohon da ya kawo mu ya manna madubin hangen nesa a ido, ya yi tsit kamar mai neman jinjirin watan Sallah. Ni kuwa yatsun ƙafata sun daskare cikin takalmin roba na aro, ina ta tambayar kaina abin da ya raba ni da ɗaki mai ɗumi.

"Kawu, sai haƙuri," in ji ɗan ƙanwata daga kujerar baya. "Haka yake. Ya ce yau ranar kallo ce."

"Kallon me? Ni fa ban ga komai ba sai ganye."

Yaron ne silar zuwana. Karatun noma yake yi a Linkon, in an yi hutu kuma yakan yi ƙwadago a wata gona da ke tuddan Wolds, tsakanin Market Rasen da Louth. Da wani taro ya kai ni Landan a ƙarshen Janairu, sai ya kafe lallai in zo in ga inda yake, don in koma in shaida wa uwarsa cewa ba a titi yake kwana ba. Daga tashar King's Cross zuwa Linkon tafiyar wajen awa biyu ce a jirgin ƙasa, daga nan wani ɗan guntun jirgi ya sauke ni Market Rasen. Yawancin gundumar Linkonsha shimfiɗe take kamar faifai, shi ya sa mutanenta ke ji da 'yan tuddan nan nasu na alli, waɗanda mafi tsawonsu mita 168 ne kacal. Wanda ya taɓa hawa Filato sai dai ya yi murmushi ya kama bakinsa. Iskar da ke kaɗawa a kansu ce ba ta da wasa. Hunturun gida leɓe da diddige yake fasawa, wannan kuwa ƙashi yake nema.

Tsohon, wanda yaron ya laƙaba wa Baba har ya saba yana amsawa, direban babbar mota ne da ya yi ritaya. Ya haura saba'in, kuma ya fi shekara arba'in yana harbin hasbiya a gonakin mutum huɗu ko biyar na yankin. Ba a biyansa, shi ma ba ya biya. Manomi ya ba shi izinin shiga, shi kuma duk ran da aka buga waya aka ce tsuntsaye sun sauka, dole ya zo, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. In ya yi nawa sau biyu, wani za a ba gonar.

Na ce hasbiya ne don ita ta fi kusa da ita a tsuntsayenmu, amma ta Ingila ta fi tamu girma da ƙiba, babba takan kai rabin kilo. Toka-toka ce, ƙirjin da ɗan jaja-jaja, da farin tabo a kowane gefen wuya, da farin zane a kan fiffike wanda sai ta tashi yake fitowa sosai. A lambunan Landan na gan su suna rangwaɗa gaban mutane kamar kajin gida. Na karkara sun sha harbi sun yi wayo, ƙarar rufe ƙofar mota daga nisan gona guda ta isa ta tashe su kaf.

Ganyen da na raina kuwa shi ne tushen rigimar. Wani tsiro ne dangin kabeji da manoman Ingila ke ce wa rep, man da ake tatsa daga irinsa shi ake sayarwa a wasu ƙasashe da sunan kanola, kuma da wannan sunan zan riƙa kiransa don ya fi daɗin faɗi. Irin baƙi ne, bai kai ƙwayar gero ba, amma fiye da kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa mai ne. A watan Agusta ake shuka shi, ya fito ya baje ganye a ƙasa ya yi zaman jiran sanyi ya wuce, a Afrilu ya miƙe ya fitar da furen nan rawaya da ke rufe ƙasar Ingila a hotuna, a girbe shi a Yuli. Kusan wata goma sha ɗaya ke nan a gona. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da 'ya'yan itatuwan daji suka ƙare kuma ba sauran tsabar da ta zube a gonakin alkama, shi ne koren abu mai laushi da ya rage a fili. Kamar ka shanya tsaki a tsakar gida ne ka ce kaji su kau da kai.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na fara ganin abin da Baba ke gani. Wasu ɗigo-ɗigo ne ke fitowa daga wani kurmi da ke gabas, biyu-biyu, uku-uku, wani lokaci goma. Ba su miƙe zuwa gonar kai tsaye ba. Sai sun bi ta kan wani ƙaton itace da ke tsaye shi kaɗai, su bi layin shingen ƙaya, sannan su karkata su faɗa kusurwar gonar. Waɗanda suka biyo baya ma haka, kamar an ja musu zare.

"Ka ga itacen can?" in ji Baba, bai ko sauke madubin ba. "Duk wadda ta fito daga kurmin nan ta kansa take bi. Kakanninsu ma ta nan suka bi. In ka zauna inda suke ci, harbi ɗaya za ka yi su bar maka gonar. In ka zauna kan hanyarsu, yini za ka yi suna zuwa."

Ashe tsuntsu ma yana da burtali a sama.

Da rana ta ɗan ɗaga muka taka zuwa kusurwar don mu ga ɓarna. Daga nesa gona ce kore shar. Da ka matso sai ka ga gefen da ke kusa da kurmin ya yi fari-fari, an cinye naman ganyen an bar jijiyoyi tsaye kamar tsinken tsintsiya, ƙasa duk kashin tsuntsu da gashi. Yaron ya durƙusa ya buɗa wani tsiro da yatsa ya nuna min tsakiyarsa.

"Kawu, in ganye kawai suka ci, zai farfaɗo. In suka kai ga zuciyar nan, ya makara ke nan. Rabin gona ya nuna, rabi yana ɗanye, ciyawa kuma ta samu wuri."

Manomin bai zauna ba. Ya kafa sanduna da farin leda, ya ɗaura wani shaho na tsumma a kan doguwar sanda yana shawagi da iska, ga kuma igwar gas da ke tashi da kanta lokaci-lokaci, ƙararta har cikin hanji. A gabanmu ta tashi. Hasbiyoyin da ke can ƙarshen gonar suka yi sama, suka yi kewaye ɗaya, suka dawo suka ci gaba da kiwo. Abin ya tuna min ƙuruciyata a fadamun Haɗejiya, inda ake tura mu gadin shinkafa, mu ja igiya mai gwangwanaye muna ihu har murya ta dushe, jan-baki kuma su tashi daga wannan kunya su sauka a waccan. Mu da gwangwani, Bature da gas, tsuntsu bai ga bambanci ba.

Da dare a ɗakin girkin Baba, muna shan shayi mai madara ba sukarin kirki, na ji tarihin. Lokacin ƙuruciyarsa ba kowa ke noma kanola ba. Sai da Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, tallafin da ake ba masu noman irin mai ya iso, sannan gonakin rawaya suka bazu. Kafin nan yunwar hunturu ce ke rage hasbiya, duk shekarar da sanyi ya yi tsanani sai a riƙa tsintar su matattu, ƙashi da gashi. Da kanola ta zo, yunwa ta kau, suka riƙa ƙetare hunturu da ƙibarsu. Yau masu ƙidayar tsuntsaye na ƙasar suna lissafa ma'aurata fiye da miliyan 5. Manomi da hannunsa ya yi kiwon ɓarawonsa. Sai kuma abin ya juya ta wata fuska: a 2012 gonakin kanola sun haura hekta dubu 700, a ƙarshen 2013 aka hana wani maganin feshin iri saboda illarsa ga ƙudan zuma, wani ɗan ƙwaro mai tsalle da maganin ke kashewa ya samu sake, manoma da yawa suka haƙura da noman, har filin ya koma ƙasa da rabi. Bakunan suna nan yadda suke, akushin ne ya ragu. Wanda ya dage ya shuka, shi ke ciyar da baƙin unguwa duka.

Washegari da na idar da sallar asuba gari na nan baƙi ƙirin, don rana ba ta fitowa sai wajen takwas saura. Baba bai yi gaggawa ba. Ya ce a bar su su yi karin kumallo tukuna. Ƙarfe tara muka isa, iska na busowa daga yamma da ƙarfi, abin da ya sa shi fara'a, don a cewarsa iska tana sa su tashi ƙasa-ƙasa, tana kuma kwashe ƙarar bindiga. Motar ba ta shiga gona, saboda haka muka yi dakon kaya a kafaɗa: sanduna, raga, buhun tsuntsayen roba, batir mai nauyin tsiya, durom na zama, jakar harsashi, filas. Taku wajen ɗari huɗu cikin laka mai kama takalmi, kowace ƙafa ta zama kamar an ɗaura mata tubali.

Hasbiyoyi sun fi ɗari uku a kusurwar. Na zaci nan za a fara ɓarin wuta. Baba ya tafa hannu kawai, suka tashi da wata irin ƙarar fiffike kamar ana kaɗe tabarmi, suka nufi kurmi.

"Da na harba, da sun tafi gaba ɗaya, su dawo gaba ɗaya, ko ma su ƙi dawowa," in ji shi. "Yanzu ba su tsorata ba, haushi kawai suka ji. Za su dawo kaɗan-kaɗan."

Maɓoyar ba wani gini ba ne. Sanduna huɗu ya kafa a jikin shingen ƙaya, ƙarƙashin layin da muka gani jiya, ya rataya raga mai launin busasshen ganye, tsayinta daidai idon mutum in yana zaune. Shingen na bayanmu don kada inuwarmu ta fito a sarari, iska ma na bayanmu, domin tsuntsu iska yake fuskanta in zai sauka, ka ga ke nan ta gabanmu zai ɓullo. Ya tsinko 'yan busassun ciyayi ya soka a ragar, ya koma tsakiyar gona ya tsaya yana kallonta kamar tela na duba ɗinki, ya dawo ya sassauta gefe ɗaya.

A wajen jera tsuntsayen roba ne na ga gwaninta. Kowanne ɓawo ne kawai, rabin jiki, an shafa masa wani abu kamar karan-miski don kada ya yi ƙyalli, an ɗora shi kan ɗan tsinke mai lanƙwasa yadda iska za ta riƙa kaɗa shi kamar yana tsattsagar ganye. Ya ƙirga taku ashirin da biyar daga maɓoya, ya fara dasa su, guda goma sha biyar, a siffar kofaton doki, bakin a buɗe ta inda baƙi za su shigo, tsakiya fili. Kowanne na fuskantar iska, amma ba sak ba, wannan ya ɗan karkata dama, wancan hagu, tsakaninsu taku biyu ko uku. Na ɗauki ɗaya na dasa kusa da wani don in taya shi, ya zo ya cire.

"Ba sojoji ba ne a fareti. Kuma ba sa cin abinci kafaɗa da kafaɗa. Ka bar wa baƙo wurin sauka, in ba haka ba ya wuce."

Daga ƙarshe ya haɗa na'urar da batir ɗin nan ke juyawa, wata sanda mai hannu biyu dogaye, ya soke matattun hasbiyoyi biyu da ya ciro daga firiza, ya baje musu fiffike. Da ya kunna sai suka shiga kewaye, farin zanen fiffiken na walƙiya. Wannan farin shi ne maganar da hasbiya ke yi wa 'yar'uwarta daga nesa, cewa ga abinci nan, ana sauka. Ni da na girma ina ganin maharbanmu suna ɗaura kan burtu a goshi, su yafa baƙin zane, su durƙusa suna rausaya kai har su shiga tsakiyar dabbobi, ban ga baƙon abu a nan ba. Namu shi ke zama tsuntsun ya je wa nama. Na Ingila tsuntsun yake ajiyewa, ya ɓuya, nama ya zo masa. Da na kwatanta wa Baba burtu, har da nuna yadda ake tafiyar, ya yi dariya har da tari, ya ce gwiwoyinsa ba za su iya ba.

Yaron ya ɗauki tutoci ya tafi wata gonar kanola da ke bayan tudu, aikinsa ya hana su zama can. Muka shige raga, ni da Baba da karyarsa baƙa, wadda ta kwanta kan buhu ta ɗora haɓa a takalmina ba tare da neman izini ba. Bindiga ɗaya ce tsakaninmu, mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Dokar ƙasar ta yarda baligin da ba shi da lasisi ya ari bindigar farauta a fili mai zaman kansa, muddin mai lasisin na tare da shi. Shi kansa lasisin 'yan sanda ke bayarwa, duk shekara biyar a sabunta, kuma sai an tabbatar kana da wurin kulle ta, galibi akwatin ƙarfe da aka ɗaure a bango.

Minti ashirin ba komai. Sai na ji ya ce a hankali, "Kada ka motsa. Hagu, kan itacen."

Na motsa mana. Na ɗaga kai gaba ɗaya don in gani. Hasbiyoyi uku da suka riga suka naɗe fiffike suna gangarowa suka yi wata irin juyawa a iska kamar an fizge su da igiya, kafin ka ce kwabo sun zama ɗigo. Baba bai yi faɗa ba. Ya jawo wani ƙyalle mai raga ya rufe fuskarsa, ya ce farar fuska a cikin shinge kamar fitila take a idonsu. Ya dube ni ya ce ni Allah ya hutar da ni sayen ƙyalle, amma tabarau ɗina na ƙyalli, in sauke hular sanyi ta rufe su, in riƙa leƙe ta cikin ragar, ban da ta samanta.

Ta gaba ita kaɗai ta zo. Ta cikin ramukan raga na gan ta ta bi layin shinge, ta hango na'urar, ta karya kamar an kira sunanta. Ta naɗe fiffike, ta zubo, ta saki jajayen ƙafafunta za ta dira a tsakiyar kofaton. Baba ya miƙe a nitse, bindiga ta hau kafaɗa, ƙara ɗaya, gashi ya watse a iska. Karyar ba ta tashi ba sai da ya yi mata magana. Da ta kawo, ya karɓa ya fita ya kafa ta cikin na roba, ya tokare haɓarta da ɗan tsinke. Duk wadda ta faɗi haka ake yi da ita, garken ƙarya na ƙaruwa da na gaske. Wadda ta faɗi rigingine kuwa maza ake zuwa a juya ta, don ciki sama alama ce ta mutuwa, kuma masu zuwa suna karanta ta.

Yana dawowa na yi masa barka, na ce yau akwai nama. Ya ɗaga yatsa.

"Kada ka faɗi haka gaban hukuma. Ba don nama muke harbi ba."

Na zaci zolaya ce, ashe doka ce. Tun 1981 dokar kare namun daji ta Birtaniya ta haramta kashe kowane tsuntsun daji, sai wanda aka keɓe. Hasbiya ana harbinta ne ƙarƙashin wani izini na bai-ɗaya da gwamnati ke fitarwa, ba sai ka cike takarda ba, amma sharaɗinsa shi ne kana hana babbar ɓarna ga amfanin gona, da yardar mai gonar, kuma an yi ƙoƙarin korar su ta hanyoyin da ba kisa. Igwar gas da shahon tsumma, ban da aikinsu na kora, shaidu ne. In ka harbe ta don kare gona, ka ci namanta, ba laifi. In ka ce don miya ka fito, ko don nishaɗi, ka karya doka. A farkon 2019 wata ƙungiya mai suna Wild Justice, wadda Chris Packham mai shirye-shiryen namun daji a talabijin ke cikin waɗanda suka kafa, ta ƙalubalanci yadda ake bayar da izinin, a Afrilu hukumar Natural England ta janye shi da sanarwar kwana biyu kacal. Sai da aka fitar da sababbi sannan aka koma fili. Baba har yau in ya tuna sai wuyansa ya yi ja. A raina na ce, a garinmu maharbin da ya ce ba don nama ya fito ba, sai a tambayi lafiyarsa.

Da ya harbo bakwai sai ya miƙo min bindigar a karye, ya koma bayana ya zauna daf da kafaɗata. Na san bindigar toka, na san danƙo, na ɗauka abin duk ɗaya ne. Na yi bisimilla na harba, na kuskure. Na sake, na kuskure. Sau shida a jere. Harsashin cike yake da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin dalma da ke bajewa kamar an watsa gero, ka ce ko makaho zai samu, amma hasbiya tana ganin motsin bakin bindiga ta goce, ga iska na taya ta.

"Bayanta kake harbi," in ji Baba. "Kana auna inda take, kafin dalma ta isa ta bar wurin. Bi ta daga wutsiya, ka wuce baki, ka ja kunama hannunka na tafiya. Kada ka tsaya."

Kafaɗata ta fara zafi, kunya ta fi ta zafi. Don ya sanyaya min rai, ko don ya ƙara min, ya ba ni labarin Manjo Archie Coats, tsohon sojan da ya mai da harbin hasbiya sana'a a Hamsha, wanda a rana ɗaya cikin 1962 ya harbo 550, ya kuma rubuta littafin da har yau masu wannan harka ke ɗauka a matsayin ƙa'ida. Na ce masa ni ɗaya ma ta ishe ni.

Da azahar sama ta yi wayam. Muka sha shayi, na yi salla a kan buhu bayan shinge, yatsuna ba sa jin tasbaha. A wannan zaman shirun ne na yi masa tambayar da ke cina tun jiya: shekara arba'in yana harbi, sun ragu?

Ya daɗe yana kallon gonar. Ya ce a'a, sun ƙaru.

Wannan ba sabon labari ba ne a Ingila. Wani masani, Ron Murton, ya shafe shekaru yana bin rayuwar hasbiya a wani yanki na Kambirij, ya fitar da littafi a kanta a 1965. Abin da ya gano shi ne harbin hunturu na wancan zamani yana kashe waɗanda da ma yunwa za ta kashe ne, ya bar wa sauran abinci. A lokacin gwamnati na biyan wani kaso na kuɗin harsashin masu harbin, daga baya ta janye. Tsuntsun da ke yin ƙwai biyu-biyu sau da yawa a shekara, ya ciyar da 'ya'yansa da wani irin nono da yake fitarwa daga maƙogwaro, ga abinci shimfiɗe har bakin kurmi, bindigar tsoho ɗaya ba za ta ƙare shi ba. Abin da harbi ke yi shi ne ya koya wa garken cewa wannan gonar akwai mutuwa a cikinta, su ƙaurace mata na 'yan kwanaki, tsiro ya samu ya numfasa. In aka yi ta haka har Maris, kanola ta miƙe ta fi ƙarfinsu. A ganina aikin gadi ne, irin wanda muka yi da gwangwani, sai dai wannan mai gadin yana son aikinsa fiye da yadda takardar izini ta yarda ya faɗa. Na ga hannunsa na rawa wajen zuba shayi, ban ga ya yi rawa a kan bindiga ba.

Wajen ƙarfe biyu suka dawo, kuma a wannan karon da gaske. Cin ƙarshe ne kafin su tafi kwana, dare kuma dogo ne. Suna zuwa biyar-biyar, goma-goma, wasu ko kallon na'urar ba sa yi, wasu na faɗowa kamar an jefo su. Baba ya yi ta aiki, kwanson harsashi na taruwa a ƙafafunmu, warin albarushi ya cika ragar. Can ya sake miƙo min. Wata ta zo daga dama, a hankali, iska na turo ƙirjinta. Na yi bisimilla, na bi ta daga wutsiya, na wuce baki, ban ma san lokacin da na ja ba. Ta naɗe ta faɗo tsakanin na roba.

Ban jira karya ba, na karya bindigar na ba shi na ruga da kaina. Da sauran rai, na ciro 'yar wuƙa na fuskanci alƙibla na yanka. Malamanmu na Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashi ya kashe in an ambaci sunan Allah, amma wanda aka riska da rai sai an yanka. Tana da ɗumi a tafin hannuna, abu na farko mai ɗumi da na taɓa tun safe. Idonta rawaya-rawaya, baƙin cikinsa ba zagaye ba, kamar ɗigon tawada da ya ɗan zarce. A gefen wuyan, kusa da farin tabon, akwai wani kore mai sheƙi irin na shadda. Jakar abincin da ke ƙasan wuyanta ta kumbura tam kamar lemun tsami babba. Baba ya tsaga ta da babban yatsa, sai ga yankakken ganyen kanola cunkus, kore shar, ya cika min tafin hannu.

"Ta mutum ɗaya ke nan, cin rabin yini," in ji shi. "Ka ninka da ɗari uku."

Ƙarfe huɗu haske ya fara janyewa. Muka ƙirga 41, uku nawa. Ya tsince kowane kwanso, ya naɗe raga, ya shimfiɗa tsuntsayen a bayan mota don su huce, ya ce in aka cusa su a buhu da ɗuminsu nama ya lalace. Mai sayen naman daji yana karɓa, wasu har Faransa ake kai su, amma kuɗin da yake biya ba ya mai da na harsashi. Dalmar ma kwananta ya kusa ƙarewa, don a 2025 gwamnati ta sanar za ta hana harbi da ita, a koma ƙarfe.

A ɗakin girkin Baba yaron ya fige ukun nan nawa, ya ciro tsokar ƙirji, ja wur kamar hanta. Ya fito da ƙullin yajin da uwarsa ta ba ni in kawo masa, ya barbaɗa, ya jefa a kasko da ɗan mai, man kanola kuwa. Baba ya ɗanɗana ɗaya, hawaye suka zubo masa, ya sha ruwa, ya miƙo faranti a ƙara. Ni na ci karo da ƙwayar dalma a loma ta uku.

Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, to, ya ajiye. Manomin da ke ƙetaren kurmin ne. Wai tun azahar wasu hasbiyoyi da bai san daga inda suka fito ba suka rufe masa gona, ko Baba zai samu zuwa gobe?

Ya dube ni. "Jirginka ƙarfe nawa ne?"